Maganar Sa wa Ƙaramar Tarakta Cokalin Ɗiba a Gaba

Yau mun ɗan jingine maganar tiya da buhu, za mu taɓa wata magana da ake yawan kawo mana a rumfa, watau ɗaura wa ƙaramar tarakta cokalin ɗiba a gaba, irin na feloda, domin aikin gida da na bakin sito.

Mu nan tarakta ba baƙuwarmu ba ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo, manyan injuna suke shiga ƙasar nan, kuma a shekarun 1980 har ana haɗa Steyr a Bauci, ana haɗa Fiat a Kano. Amma duk tsawon zamanin nan bayan tarakta muka sani, garma da haro da tirela. In huɗa ta ƙare sai a kafe ta gindin maina, tana shan raɓa, kaji na kwana a ƙarƙashinta har wata damina.

Abin da ya ta da maganar cokali shi ne taki. Daga 2022, da yaƙin Rasha da Yukuren ya tashi, takin zamani ya hau, sa'an nan a 2023 aka janye tallafin fetur, darajar Naira kuma ta faɗi, ya ƙara hawa. Sai mutane suka waiwayi juji da turken dabbobi da kashin kaji, abin da kakanninmu suka riƙa kaiwa gona a mangala bisa jaki. To, takin gargajiya ba a zuba shi da murfin kwalba. Tirela tirela ake kai shi, kuma wahalarsa duka tana wurin lodi. Wanda ya taɓa tsayawa kan samari suna cika tirela da shebur da kwanon sarki cikin zafin bazara ya san inda yini yake tafiya. Nan ne cokali yake da rana. Haka kwashe buntun shinkafa da ke tsibi a bayan injunan Tudun Wada, da totuwar masara bayan casa, da zuba burji a ƙofar sito kafin ruwa ya sauka, don kada motar kaya ta kafe.

Shi abin, hannuwa biyu ne na ƙarfe da cokali a bakinsu. Silinda biyu na ɗaga hannuwan, wata kuma na karkata cokalin ya zubar. Man haidirolik ke tura su ta cikin tiyo, famfo na bugo shi, direba na sarrafawa da sanda a gefensa. Famfon cikin tsofaffin taraktoci an yi shi ne domin ɗaga garma, saboda haka sau da yawa sai ka ga cokalin yana tashi kamar mai jin barci, tilas a ƙara wani famfo da injin zai juya.

Amma fa ba kowace tarakta ke ɗauka ba. Mai ƙafa biyu da ake bi a baya cikin fadamar shinkafa, wannan a cire ta cikin lissafi. Mai ƙafa huɗu 'yar doki 20 zuwa 30 tana iyawa, in shasinta mai ƙwari ne, sitiyarinta kuma na mai ne. In sitiyarin hannu ne, da cokali ya cika direba zai yi ta kokawa da shi har kafaɗa ta sage. Kuma gindin hannuwan lalle a kafa shi kan firam mai kauri da zai bi jikin tarakta ya kama har baya. Wanda ya ɗaure shi ga jikin inji da noti huɗu kawai, ranar da ƙarfen ya tsage zai ji kuɗin gyara ya fi na cokalin.

Yanzu ga inda muke so a saurara da kyau, don nan masu kuɗi suke faɗawa. Mutum ya sayo ƙarfe da silinda a Ƙofar Ruwa, ya je wurin mai walda, ya ce a yi masa cokali babba, wai don aiki ya yi sauri. Alhali mu 'yan hatsi mun fi kowa sanin cewa cikar mudu dabam, nauyinsa dabam. Ramin da ya kai mita guda tsawo da faɗi da zurfi, in ka cika shi da buntu, nauyinsa bai wuce na buhun masara ɗaya da ɗan ɗori ba. In ka cika shi da busasshen yashi, ya kai buhu 15 ko 16, jiƙaƙƙe kuwa ya fi haka. Ita kuma ƙaramar tarakta, abin da za ta ɗaga a gaba cikin lafiya bai fi nauyin buhu 3 ko 4 ba. Cokalin da aka auna shi da buntu, ran da maƙwabci ya roƙa a kwaso masa yashin gini, ranar boris ɗin gaba zai watse, ko tayoyin baya su bar ƙasa. A auna cokali da abu mafi nauyi da za a ɗiba. In ana son na buntu, a ƙara masa bango na cirewa.

Tilas kuma a yi mata nauyi a baya, kamar yadda ake daidaita kaya a kan jaki. Rabin duro da aka cika da kankare ya haura kilo 200, a rataya shi inda garma take zama. Wasu suna ɗura ruwa cikin tayoyin baya, shi ma yana taimako.

Maganar rai kuwa, ba mu yi mata sauri. Tarakta mai cokali a sama ba ta da wuyar kifewa, balle a ƙasar Doguwa wajen Riruwai inda gangare ya yi yawa, ko a bakin kwalbati. A riƙa tafiya da cokali ƙasa ƙasa, kada a sha kwana yana sama. Kada a ɗauki yara a ciki, ko da sun yi kuka, kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa yana ɗage, domin tiyo guda ya fashe, shi ke nan ya sauko. In aka tashi aiki a kwantar da shi ƙasa kafin a kashe inji. In ana zaton tiyo na yoyo, a kara masa kwali a gani, kada a shafa da hannu, don man nan yana iya huda fata ya shiga nama, ciwon kuwa sai asibiti da gaggawa. Lokacin hunturu a yawaita girisi a gaɓoɓi, ƙura ita ce ke cin su.

Saura lissafin kasuwa. Akwai masu cewa da cokali sun huta da 'yan dako. Mu dai ba mu ga haka ba. Bakin cokali yana yaga buhu, kuma ba shi jera kaya cikin sito ko bisa mota yadda za su kai Dawanau ba su zame ba. Wannan aikin na mutane ne, a bar musu abinsu. Hatsi tsiraru ma ba mu so a ɗebe shi da cokalin da ya kwashi taki da safe, mai saye yana da hanci.

Mai 'yar gona da shanu biyu, baro da amalanke sun ishe shi, ya yi hayar cokali kwana ɗaya a shekara. Wanda abin zai biya shi ne mai garke, ko mai gidan kaji, ko mai injin shinkafa, ko wanda ya yi niyyar bayar da haya daga kaka zuwa bazara. Shi ma ya zauna ya ƙidaya kwanakin aikin da yake da tabbacinsu, ya cire kuɗin gas da na direba da na tayoyin gaba, waɗanda za su riƙa cinyewa da wuri fiye da da. In mutum biyu ko uku za su haɗa kuɗi, a rubuta a takarda gaban shaidu wa zai biya gyara, kuma wa zai fara amfani da ita in lokacin kai taki ya zo wa kowa rana ɗaya. Haza wassalamu.