Husufin Tagwayen Taurari: Yadda Ake Auna Raguwar Haskensu

Ran Laraba 29 ga Maris, 2006, da hantsi, aka yi husufin rana a Afirka ta Yamma. Inuwar wata ta shigo ta gaɓar tekun Ghana, ta rufe Accra ruf jim kaɗan bayan ƙarfe tara na safe, sannan ta bi ta Togo da Benin da Nijeriya da Nijar. A Tamale, can arewacin Ghana, rana ba ta rufe duka ba, amma wata ya tare mafi yawan fuskarta, har gari ya yi dishi-dishi kamar hadari ya taso. Hausawa suna kiran wannan abu husufi ko kusufi, in kuwa wata ne ya dushe sukan ce ya yi zazzaɓi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, taurari ma suna yi wa juna husufi. Akwai wani tauraro da mutumin Tamale zai iya ganin husufinsa da ƙwayar idonsa, ba tare da wata na'ura ba, kusan duk bayan kwana uku.

Tagwayen taurari

Ranarmu tauraro ce da ke zaune ita kaɗai, amma taurari da yawa bibbiyu suke, suna kewaya juna saboda ƙarfin jan da ke tsakaninsu. Su ake kira tagwayen taurari. Saboda tsananin nisansu, ido yana ganin su tamkar ɗigon haske guda. Idan hanyar da suke kewayawa ta daidaita da inda duniya take, to a kowane zagaye ɗaya zai gifta ta gaban ɗan'uwansa ya tare haskensa. Mai kallo daga duniya ba zai ga giftawar ba. Abin da zai gani shi ne ɗigon nan ya dushe na ɗan lokaci, sannan ya komo yadda yake.

Alal misali, a ce mutum biyu suna zagaya juna a wani fili mai nisa da dare, ɗaya riƙe da tocila mai haske ƙwarai, ɗaya kuma da 'yar aci-bal-bal. Duk sa'ad da mai aci-bal-bal ya shiga gaban mai tocila, haske zai ragu sosai. Sa'ad da mai tocila ya shiga gaba kuwa, raguwar kaɗan ce, domin hasken da aka tare dama ba shi da yawa. Haka abin yake a sama: kowane zagaye yana da husufi biyu, babba da ƙarami.

Algol

Mafi shahara cikin irin waɗannan taurari shi ne Algol, a rukunin taurarin da ake kira Perseus. Sunan daga Larabci ya fito, Ra'sul Gul, wato kan dodo. Nisansa daga duniya kusan shekarar haske 90 ne, ma'ana hasken da ya iso ido yau ya baro can tun kimanin shekara 90 da suka wuce.

A 1667 wani masani ɗan Italiya, Geminiano Montanari, ya lura cewa hasken Algol yana sauyawa. Wanda ya gano cewa sauyin yana da ƙa'ida shi ne John Goodricke, wani saurayi kurma da ke zaune a York, a Ingila. Ya fara bin tauraron a ƙarshen 1782, a 1783 kuma ya ba da rahoton cewa dushewar tana dawowa duk bayan kwana 2 da kusan awa 21. Ya kuma kawo shawarar cewa wataƙila wani abu ne mai duhu ke kewaya tauraron yana tare shi. A lokacin shekarunsa 18, ya kuwa rasu a 1786 yana da shekara 21. Sai a 1889 Hermann Carl Vogel, a Potsdam ta Jamus, ya tabbatar da maganar, da ya nuna ta hanyar nazarin launukan hasken Algol cewa tauraron yana matsowa yana kuma ja da baya daidai da wannan lokaci. A 1910 Joel Stebbins, a Jami'ar Illinois ta Amurka, ya auna hasken da na'urar lantarki, ya gano ƙaramin husufin da ido ba ya iya gani.

Ma'aunin haske

Masana taurari suna auna haske da matakai. Tun zamanin Girkawa aka kasa taurarin da ido ke gani mataki shida: mafi haske su ne mataki na 1, mafi dushewa mataki na 6. Saboda haka lissafin a juye yake, wato gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙarancin haske. A 1856 Norman Pogson ya daidaita ma'aunin, ya sa tazarar mataki 5 ta zama ninki 100 na haske. Bisa wannan, tazarar mataki ɗaya ninki biyu da rabi ce, ko da ɗan ɗoriya.

A yawancin lokaci Algol yana kan mataki 2.1. A tsakiyar babban husufi yakan sauka zuwa 3.4. Tazarar 1.3 ke nan, wato haskensa yana komawa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na yadda ya saba. Husufin yana ɗaukar kimanin awa 10, biyar yana dushewa, biyar yana farfaɗowa, kuma yana maimaituwa duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49.

Yadda za a auna daga Tamale

Tamale tana sama kaɗan da digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, don haka Algol yakan hau har kusan digiri 58 a sararin arewa. An fi ganinsa da farkon dare daga Oktoba zuwa Maris. A ƙarshen Disamba yana kaiwa ƙololuwarsa wajen ƙarfe tara na dare. Hanya mafi sauƙi ta gano shi ita ce a fara neman Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. In mutum ya miƙe hannunsa ya ware yatsu, Algol yana arewa da Kaza da kimanin taƙi ɗaya.

Ido ba ya iya faɗin yawan hasken tauraro kai tsaye, amma ya iya kwatanta biyu. Saboda haka ake zaɓen maƙwabta waɗanda aka san matakinsu. Uku da aka saba amfani da su su ne Almak mai mataki 2.1, da Epsilon Persei mai 2.9, da Kappa Persei mai 3.8. Mai kallo zai dubi Algol, ya dubi maƙwabtan, ya yanke hukunci. In ya yi daidai da Almak, sai ya rubuta 2.1. In yana tsaka-tsaki tsakanin Almak da Epsilon, 2.5 ke nan. In ya faɗo tsakiyar Epsilon da Kappa, ya kai wajen 3.4, wato husufi ya yi tsakiya. Ana maimaita wannan duk bayan minti 15 ko 20, ana rubuta lokaci da mataki a littafi.

Bayan haka sai a zana layi biyu a takarda, na kwance don lokaci, na tsaye don haske, a ɗiɗɗiga abin da aka samu. Ɗigon za su fito da siffar kwari: gangara, gindi, sannan hawa. Wannan shi ake kira zanen haske, kuma gindin kwarin shi ne lokacin tsakiyar husufi. Wanda ya samu wannan lokaci sau ɗaya zai iya lissafa na gaba. In tsakiyar ta faɗo ran Litinin ƙarfe 11 na dare, ta gaba za ta zo ran Alhamis ƙarfe 7:49 na dare. Mai bin ta kuwa za ta faɗo ran Lahadi ƙarfe 4:38 na yamma, da sauran rana, don haka ba za a ga tsakiyarta ba.

Mai kallo a Tamale yana da sauƙi guda: agogon Ghana daidai yake da agogon GMT, wanda masana taurari ke rubuta lokaci da shi. Na Kano ko Maraɗi sai ya rage awa ɗaya. Wahalar kuma ita ce lokacin ganin Algol ya haɗu da hunturu, sa'ad da hazo ke rufe sama. Ƙura tana rage hasken taurari, musamman waɗanda suka yi ƙasa-ƙasa. Maganin abin shi ne a yi kwatancen sa'ad da Algol da maƙwabtansa suka yi sama sosai, domin ƙurar ta rage musu haske kusan daidai wa daida. Ya kamata kuma a nisanci fitilun gari, a guji daren farin wata, a ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu.

Abin da zanen haske ke nunawa

Ba a iya ɗora tauraro a sikeli, ba a kuma iya gwada shi da igiya. Tagwaye masu husufi suna cikin 'yan hanyoyin da ake da su na sanin nauyi da girman taurari kai tsaye. Tazarar da ke tsakanin husufi da husufi ita ce tsawon zagaye. Daɗewar husufin tana nuna girman taurarin in an gwada da faɗin hanyarsu: a Algol awa 10 ce cikin kusan 69, wato kashi ɗaya cikin bakwai, alamar cewa suna kusa da juna ƙwarai. Zurfin husufin biyu yana nuna wanda ya fi zafi. In aka haɗa wannan da saurin tafiyarsu, wanda ake samu daga launukan haske kamar yadda Vogel ya yi, sai lissafi ya fitar da nauyinsu da faɗinsu.

Ta haka aka san cewa mai hasken cikin tagwayen Algol ya ninka rana nauyi sau uku da ɗoriya, ɗan'uwansa kuwa bai kai nauyin rana ba, amma ya fi mai hasken faɗi. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, domin a ƙa'ida tauraro mai nauyi shi ke riga tsufa ya kumbura, ga shi a nan marar nauyin ne ya kumbura. Amsar ita ce, da can shi ne mai nauyin. Da ya tsufa ya kumbura, sai ɗan'uwansa ya janye yawancin iskar jikinsa. Akwai kuma tauraro na uku da ke kewaya su biyun cikin kwana 680.

A yau kyamarori masu haɗe da kwamfuta ke yin awon. Kumbon Kepler, wanda Amurka ta harba a 2009, ya gano tagwaye masu husufi fiye da 2,000, kuma da irin wannan awo na raguwar haske ya gano dubban duniyoyi da ke gifta gaban taurarinsu. A 2019 masana suka yi amfani da tagwaye masu husufi suka auna nisan wani gungun taurari da ke maƙwabtaka da namu, Babban Gajimaren Magellan, suka samu kimanin shekarar haske 162,000, da kuskure na kimanin kashi ɗaya cikin ɗari. Ghana ma ta shiga fagen nazarin sama, domin a Agusta 2017 ta buɗe na'urar sauraren sama mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Accra. Duk da haka ƙungiyar AAVSO, wadda aka kafa a Amurka a 1911, tana karɓar awon masu kallo da ido daga ko'ina a duniya. Abin da ake bukata shi ne agogo mai kyau, da littafi, da haƙurin zama awa huɗu ko biyar a waje cikin sanyin hunturu.