Jarumin Da Ba Ya Mutuwa: Daɗi Da Aibin Hikayoyi Masu Dogon Zango

Duk wanda ya saba ratsa majalisun matasa a Kankiya ko Kusada bayan sallar Isha'i, musamman da rani, sa'ad da amfanin gona ya shiga rumbu, aiki ya yi sauƙi, dare kuma ya yi tsawo, ba zai rasa cin karo da samari sun kewaye waya guda ba, suna sauraron muryar wani mai karatu yana zayyana yadda sadauki ya zare takobi ya afka wa rundunar da ba ta ƙidayuwa, ko yadda aka jefa shi cikin kurkukun sarkin aljanu aka rufe da ƙofofi bakwai. In ka tambaye su kashi na nawa ke nan, sai su ambaci adadin da zai ba ka mamaki. In ka ƙara da tambayar ko jarumin zai kuɓuta, sai su yi maka dariya, domin babu ko ɗaya daga cikinsu da ke shakkar haka. To, abin da ya cancanci a tsaya a yi nazari a kansa shi ne, me ke riƙe mutum mai hankali wata da watanni a kan labarin da ya riga ya san natijarsa tun daga farko.

Wannan al'ada ba wayar hannu ce ta haife ta ba, ba kuma boko ne ya zo da ita ba. Larabawa sun daɗe da sirar Antar ɗan Shaddad da ta Saifu ɗan Zi Yazan da ta Banu Hilal, waɗanda masu hikaya ke karantawa a gidajen shan gahawa dare bayan dare, kuma Bature Edward Lane, a cikin littafin da ya wallafa a 1836 game da al'adun mutanen Masar, ya siffanta yadda a Alƙahira kowane rukuni na masu hikaya ya keɓanta da sira guda, har ana kiransu da sunanta. Ana ba da labari a Sham cewa wani mai hikaya ya taɓa rufe littafi alhali Antar yana ɗaure a kurkuku, sai wani daga cikin masu sauraro ya kasa barci, ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare, ya ce ba zai tafi ba sai an karanta masa inda aka kwance shi. Malamai kuwa ba su yi na'am da abin ba. Ibn Kasir, wanda ya rasu a 1373, ya bayyana a cikin Al-Bidaya wan-Nihaya cewa abin da jama'a ke yaɗawa na sirar Dalhama da Baɗɗal ƙarya ce da ƙage, kuma tun kafin shi Ibnul Jauzi ya keɓe littafi sukutum a kan masu ƙissa da masu wa'azi, yana rarrabe na kirki da maƙaryata. Ashe ke nan muhawarar da iyaye ke yi da 'ya'yansu a yau a kan waɗannan labarai ta girmi kakanninmu.

A ƙasar Hausa, lardin Katsina yana da babban rabo a tushen wannan fanni. Sa'ad da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labarai a 1933, biyu daga cikin littattafai biyar da suka yi fice 'yan gida ɗaya ne suka rubuta su, wato Malam Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, da wansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Littattafan nasu, Ruwan Bagaja na Imam da Ganɗoki na Bello, dukkansu labaran tafiya ne da kasada, ɗaya da wayo da raha, ɗaya da takobi da kirari. Daga bisani, a 1951, Ahmadu Ingawa, wanda garin da yake amsa sunansa ke maƙwabtaka da Kankiya da Kusada, ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa tsohuwar hikayar Rasha ce ta wani jarumi Iliya da ya yi shekaru a zaune ba ya iya tafiya, amma ya sa masa rigar Hausa har yaran firamare suka ɗauka ɗan garinsu ne. Sai dai abin lura shi ne, waɗannan duka littattafai ne ƙanana, masu farko da ƙarshe, waɗanda ɗalibi zai iya saukewa cikin mako.

Tsawaitawa ta zo ne da kasuwa. Tun daga wajen 1984, lokacin da marubuta suka fara buga littattafansu da kansu a Kano, suna kai wa 'yan kasuwar Bata a Sabon Gari, ya zama al'ada a raba labari guda kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, domin kuɗin da aka samu a kashi na farko shi ke buga na biyu. Soyayya ce ta fi yawa, amma a gefenta sai littattafan yaƙi da na abin al'ajabi suka bunƙasa, inda sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya shahara ƙwarai, aka kuma mai da sirar Saifu zuwa Hausa da sunan Malikussaif. A wani ɓangaren kuma akwai labaran 'yan sanda da ɓarayi da masu leƙen asiri, irin waɗanda Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih suka yi suna a kai, kuma wannan reshe yana da nasaba da karatun da 'yan sakandare na wancan zamani suka yi wa James Hadley Chase, Baturen Ingila da ya rubuta littattafai kusan 90, akasarinsu a kan Amurka, alhali bai taɓa zama cikinta ba. Da yake Kankiya tana kan babbar hanyar da ta haɗa Kano da Katsina, abin da ya fito a Bata ba ya daɗewa bai iso ba, daga nan kuma ya bi hannu zuwa hannu har Rimaye da Kafin Soli da ƙauyukan Kusada, littafi guda ya zaga gida goma har bangonsa ya yage, a liƙe shi da salatif.

Ba na cikin masu cewa daɗin irin wannan karatu alamar raunin hankali ne. Mutumin da ya wuni yana ganin mai ƙarfi ya danne mai rauni, wanda taki ya fi ƙarfin aljihunsa, wanda kuma labarin 'yan bindiga da ke addabar sassan jihar Katsina ke hana shi sakin jiki a kan hanya, idan dare ya yi ya shiga wata duniya inda azzalumi lalle sai ya ga sakayya, marayan da aka wulaƙanta kuma lalle sai ya hau karaga, ba wauta ya yi ba. Ya nemi abin da rai ke bege ne, wato adalci bayyananne wanda ba a ɗage zamansa. Sanin cewa jarumi ba zai mutu ba, wanda masu suka ke ɗauka aibi, shi ne ainihin abin da mai sauraro ya zo nema, domin yana so ya ɗanɗani tsoro ba tare da ya biya farashinsa ba. Ban da wannan kuma akwai sabo: wanda ya bi jarumi kashi ashirin ya san dokinsa da takobinsa da irin maganar da zai yi in ya fusata, har ya zama kamar abokin hira da ba ya saɓa alkawari.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Mutane da yawa, maza da mata, waɗanda karatunsu ya tsaya a firamare, ba a aji suka ƙware da karatun Hausa ba, a kan waɗannan littattafai ne, domin ɗokin sanin abin da zai faru ya tilasta musu haɗa baƙi da wasali cikin sauri fiye da yadda bulalar malami ta taɓa yi. Kalmomin yaƙi kuma, irin su sulke da lifidi da kwalkwali da garkuwa da barde, waɗanda ba a jin su sai ranar hawan salla, a nan yara da dama suka fara gamuwa da su.

Amma aibin yana nan, kuma daga tushen daɗin ya tsiro. Jarumin da ba ya mutuwa ba ya kuma canzawa, wanda ba ya canzawa kuwa ba ya koyon kome. Za ka same shi a kashi na talatin kamar yadda ka bar shi a kashi na biyu: bai tsufa ba, bai yi nadama ba, rasuwar abokinsa ba ta bar masa tabo ba sai na shafi ɗaya. Tun da mawallafi ba shi da ikon taɓa jaruminsa, ba abin da ya rage masa illa ya ƙara girman abokin gaba, sai ka ga aljanin jiya mai kai uku ne, na yau mai kai casa'in da tara, rundunar da a da dubu ce yanzu ta zama dubu sau dubu, har mubalaga ta kai matsayin da adadi ya daina nufin kome. Malaman balaga sun yarda da mubalaga matuƙar tana ƙara wa ma'ana ƙarfi, amma sun ƙi wadda ta wuce haddi har ta zama abin dariya, kuma mafi yawan yaƙe-yaƙen kashi na ƙarshe-ƙarshe a can suke faɗawa. Haka nan mafita: duk sa'ad da aka ƙure jarumi, sai ga wani tsohon boka ko wani zobe da ba a taɓa ambata ba ya ɓullo, alhali ƙa'idar labari mai kyau ita ce a shuka dalili tun da wuri kafin a girbe shi.

Wani abin da ya fi damuna shi ne nisan waɗannan labarai da ƙasar masu karanta su. Biranen duk na wata nahiya ce da ba a san inda take ba, sunayen sarakuna da 'ya'yansu mata an ƙera su da amon Larabci ko Farisanci ba tare da ma'ana ba, kuma da wuya ka ji ƙamshin gero ko ka ga marke ko kuka a cikinsu. Alhali kuwa Malam Bello Kagara ya fara Ganɗoki ne da yaƙin da aka yi da Turawa a zahiri, da sarakuna da garuruwan da aka sani, sannan ya ɗaga shi zuwa duniyar aljanu, shi ya sa mai karatu ya bi shi da yarda. Tarihin Katsina kaɗai, da yaƙe-yaƙenta da Gobir da Kano, da hare-haren Maraɗi bayan jihadi, da ayarin fatake masu ratsa daji zuwa Gwanja, ya isa ya ciyar da marubuci shekaru, amma kaɗan ne suka waiwaye shi. Mata kuwa a cikin yawancinsu ɗayan biyu ne, ko gimbiyar da za a ceto, ko matsafiyar da za a halaka, sai fa 'yan kaɗan da aka ba su takobi, su ma halin maza aka ɗora musu. Wannan ba ciwon Hausa kaɗai ba ne: jerin Nick Carter na Amurka ya kai littattafai 261 tsakanin 1964 da 1990, marubuta daban-daban suka yi ta rubuta shi ƙarƙashin suna guda, kuma da wuya ko masoyinsa ya iya bambanta wani da wani.

A nan ne nake ganin bambancin magabata ya fito sarari, domin su ma sun san dabarar jinkirtawa, har ma sun fi kowa iya ta. Shaharzad ta cikin Dare Dubu da Ɗaya tana yanke labari da asuba ne domin ta tsira da ranta da rayukan 'yan matan garinsu. Akun Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, yana jan Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari bayan labari ne domin ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri, kuma da haɗarin ya wuce, wannan jinkiri ya ƙare. Wato jinkirin yana da dalili a cikin labarin kansa, mai karatu kuma yana jin nauyin kowane dare. Ahmadu Ingawa ma, da Iliya ya gama abin da zai yi, bai ƙirƙiro masa sabon abokin gaba ba, ya bar shi ya zama dutse. Jinkirin jerin kasuwa kuwa dalilinsa yana wajen labarin, a cikin lissafin mai bugawa jiya, a cikin adadin masu kallo a YouTube yau, shi ya sa mai sauraro mai lura yakan ji a jikinsa daidai inda hikaya ta ƙare aka ci gaba da jan ta.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa marubuci laifin duka, domin mai karatu yana da nasa kaso, kuma ba ƙarami ba. Wanda ke ƙorafin cewa labari ya yi tsawo, shi ne dai zai fara zuwa shagon caji yana tambayar ko an saki kashi na gaba a tura masa, kuma da mawallafi zai yi ƙarfin hali ya kashe jarumin, shi ne zai fara fushi. Arthur Conan Doyle ya gwada haka a 1893, sa'ad da ya gaji da jaruminsa Sherlock Holmes ya jefa shi cikin wani kwazazzabon ruwa a ƙasar Suwizalan domin ya sami sararin rubuta abin da yake ganin ya fi daraja. Masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙun ɓacin rai, masu mujallu suka yi ta ƙara tayin kuɗi, har a 1903 ya dawo da shi da hujjar cewa dama bai faɗa ba, ya kuma ci gaba da rubuta labaransa har 1927, shekara uku kafin rasuwarsa.