Ƙasashen da daji ke dawowa: mu ma muna cikin lissafi

Ƴan uwa ƴan kasuwa, da ku iyayenmu mata masu kasa garin kuka da ƙullin itace, duk wanda ya haura shekara hamsin a cikinmu ya san abin da za mu faɗa ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A farkon shekarun 1980, in mutum ya shiga motar kasuwa daga Maraɗi zuwa Tasawa, yana iya hangen garin gaba tun daga nesa, don babu abin da zai tare masa ido sai rairayi. Manomi kan yi shuka sau biyu, sau uku, iska na binne ta. Mata kuwa, da kara da kashin shanu suke hura wuta. Yau a bi wannan hanya, ko a zaga Matamaye, Magarya da Mirya, a ga yadda gawo, kalgo, sabara da kuka suka cika gonaki.

Masana da suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan adam na shekarun 2000 sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 na gonakin kudancin Nijar. Kusan dukansu ba wanda ya dasa su.

Dashe kam an yi shi. An kafa wuraren renon itatuwa, an kashe kuɗin ƙasashen waje masu yawa, kowace ranar 3 ga watan Agusta magabata na sa bedi a rami ana tafi. A 1984 ma nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada, zamanin Seyni Kountché. Wani wurin dashen ya kama, kamar layukan bedi na kwarin Majiya a jahar Tawa. Amma mafi yawa rani guda ke gamawa da su: ba ruwa, ba shinge, ba mai shi, akuya ta ci ta wuce.

Babbar matsalar tana cikin doka. Tun dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, wadda dokar 1974 ta bi sawunta, icce na hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Ka sare reshen gawon da kakanka ya bari, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Mu ƴan kasuwa mun fi kowa gane wannan lissafi: wa zai yi gadin hajar da ba shi da ikon sayarwa, kuma in ya taɓa ta a kama shi? Sai manomi ya ga gara ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Ga kuma malaman gona na lokacin da ke koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas.

A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura da abin da ke gaban kowa. Ƴan kurmin da ake sassabewa kowace bazara toho ne na itatuwan da aka sare tun tuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. A zaɓi toho ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara, shi ke nan. Ba ban ruwa, ba sayen iri. Adda ko lauje ya wadatar. Shi ne abin da ake kira sassaben zamani. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanenmu suka laƙaba wa El-Buhari, aka riƙa ba da cimaka ga wanda ya bar itatuwa a gonarsa. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga hatsinsu bai ragu ba, ga itacen girki a ƙofar gida, sai maƙwabta suka fara leƙe. Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar tassa.

Sai dai kada a ba baƙo ladan duka. A ƙasar Damagaram tsaron gawo tsohuwar al'ada ce, tarihin baka na cewa sarakunan ƙarni na 19 na hukunta mai sare shi hukunci mai tsanani. Kuma ba banza ba: gawo na zubar da ganye da damana, bai tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani ya yi kore, ƴaƴansa su zama abincin bisashe da ake aunawa a kasuwa. Da hannun hukuma ya yi sanyi a ƙauyuka cikin shekarun 1980 da 1990, manoma suka fara ɗaukar iccen gonarsu nasu ne. Doka ta biyo baya: tsarin dokokin karkara na 1993, dokar daji ta 2004, sannan ƙudurin gwamnati na 2020 da ya amince wa manomi da amfanin iccen da ya rena. An yi ƙiyasin cewa wannan sauyi na ƙara wa ƙasa hatsi kimanin tan dubu 500 a shekara.

In muka leƙa waje, labarin na da kama da namu. A Nepal, ƙasar duwatsu da ke arewa da Indiya, gwamnati ta ƙwace dazuzzuka a 1957, daji ya ci gaba da lalacewa. Dokar 1993 ta damƙa kula da su ga ƙungiyoyin ƙauyuka, su tsare, su yanka da ƙa'ida, kuɗin ya shiga asusunsu. Daga kashi 26 cikin ɗari na faɗin ƙasar a 1992, daji ya kai kashi 45 a 2016. Tafiyar samari ci-rani ƙasashen Larabawa ma ta taimaka, don gonakin kan tudu da yawa an bar su sun koma daji.

Kosta Rika, a tsakiyar nahiyar Amurka, ta sare dajinta don kiwon shanu har abin da ya rage a shekarun 1980 bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kasuwar nama ta faɗi, sannan dokar 1996 ta hana share daji, aka fara biyan mai fili kuɗi don ya bar itatuwansa tsaye, daga harajin man fetur. Yau fiye da rabin ƙasar daji ne. Koriya ta Kudu kuwa dashe ta yi da gaske daga 1973, bayan yaƙi ya bar duwatsunta tsirara, amma dashen bai tsira ba sai da gidaje suka bar girki da itace suka koma ga gawayin ƙasa, mutanen karkara kuma suka kwarara birane. Wannan ya kamata mu riƙe, mu da matatar Damagaram ke fitar da gas tun 2011 amma yawancin tukwanenmu har yanzu a kan murhun dutse uku suke.

Akwai inda muke da ja. Faransa dajinta ya kusan ninka biyu tun tsakiyar ƙarni na 19, ana ta yabo, alhali kokon da Turai ke sha ya ci daji mai yawa a Kodibuwa. Wani dajin da ya dawo can, a nan Afirka aka biya kuɗinsa. Duniya baki ɗaya kuma har yanzu tana share hekta wajen miliyan 10 kowace shekara.

Mu ma a gida ba ko'ina abin ya yi kyau ba. Itatuwan gona ne suka dawo. Dajin Allah da ba shi da takamaiman mai shi yana ci gaba da ja da baya, motocin itace da gawayi masu ciyar da Yamai na ƙara nisa. A gona ma akwai ɓarayin dare masu sare icce ɗungurungum, abin da ke kashe wa manomi gwiwa fiye da fari. Mutanen Ɗan Saga, a gundumar Agye, kwamitin tsaro suka kafa, da mata da makiyaya a ciki, suka sa tara a kan mai sata, har suka buɗe kasuwar itace ta kansu.

A nan ne hannunmu ya shiga. Mai sayen itace sari ta san bambancin reshen da aka datse daga icce mai rai da gungumen ɗanyen gawo da aka kayar da tsakar dare. Na biyun ya fi araha, kuma a bakin kasuwarmu ake sauke shi kafin gari ya waye.