Daga juyen baƙin mai zuwa gobara: Yadda sakacin minti biyar a gareji ke ƙone mota, da wanda ke ɗaukar asarar

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, juyen baƙin mai shi ne aikin da aka fi rainawa a gareji. Ba ya cin rabin sa'a, kuɗin aikinsa kaɗan ne, kuma sau da yawa babban bakanike yakan bar wa yaran da ke koyon sana'a. Mai mota ya zauna a inuwa yana latsa waya, a ce masa an gama, ya biya ya kama hanya. Idan wuta za ta tashi, ba a garejin take tashi ba. Sai injin ya yi zafi sosai, wataƙila an wuce Shuwarin ko an kusa Kwanar Huguma, sannan hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin bonet.

Jigawa ta san gobarar hanya. Fashewar tankar fetur a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura, a daren 15 ga Oktoban 2024, ta hallaka fiye da mutum 150, kuma ta girgiza ƙasar nan. Gobarar ƙaramar mota kuwa ba ta cika shiga labarai ba. Mutane sukan tsira da rayukansu, a yi wa mai ita jaje, a ce tsautsayi ne. To amma wannan tsautsayin yana da hanyar da yake bi, kuma ana iya bin sawunsa har zuwa hannun da ya ɗaure noti.

Yadda baƙin mai ke kama wuta

Baƙin mai ba ya saurin kamawa kamar fetur. Ko ashana aka jefa masa yana sanyi, da wuya ya kama. Matsalar tana farawa ne idan ya zuba a kan ƙarfen da hayaƙi ke bi daga injin zuwa salansa, wanda kanikawa ke kira manifol. Wannan ƙarfe yakan haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas idan mota na gudu da kaya, alhali man yana iya kamawa da kansa tun a wajen digiri 300 zuwa 400. Ba a buƙatar tartsatsi.

Hanyar da ta fi haɗari ita ce ta filta. Kowace filtar mai tana da zoben roba a bakinta. Wani lokaci idan aka kwance tsohuwar, zobenta yakan maƙale a jikin injin. Wanda bai duba ba sai ya ɗaura sabuwar a kai, zobe biyu ke nan a wuri ɗaya. A cikin gareji, injin na aiki a hankali, babu abin da zai nuna. Da an hau titi an taka totur, ƙarfin da famfo ke tura man da shi ya ƙaru, sai zobe ɗaya ya goce, man ya riƙa feshi. A motoci da dama filtar tana kusa da manifol, don haka feshin yakan faɗa kan wurin da ya fi ko'ina zafi. Cikin 'yan mintuna ana iya rasa man injin gaba ɗaya, a haɗu da asara biyu: injin ya buga, wuta kuma ta tashi.

Sauran kurakuran sanannu ne. Akwai mantawa da murfin wurin zuba mai, akwai notin ƙasa da ba a ɗaure da kyau ba, da cika man ya wuce alamar da ke jikin sandar awo, wanda ke sa ya nemi hanyar fita ta roba da gasket. Akwai kuma man da ya zube a jikin injin lokacin ɗurawa aka ƙi gogewa, ko aka goge aka bar tsumman a ciki. Sai wata ɗabi'a da ta zama jiki a garejinmu: wanke injin da fetur don ya yi ƙyalli, sannan a tayar da shi tun bai bushe ba.

Ko manyan kamfanoni sun sha wuya a hannun ɗigon mai. A watan Oktoban 2015, kamfanin General Motors na Amurka ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 1.4 saboda man da ke ɗiga kan manifol yana haddasa gobara. Da yawa daga cikin gobarar sun tashi ne bayan an ajiye motar an kashe ta, lokacin da iska ta daina ratsa injin amma ƙarfen na nan da zafinsa. Wannan abin lura ne ga duk wanda ke shigar da motarsa cikin gida, kusa da ɗakin kwana, a watannin bazara da zafin Dutse kan kai digiri 40.

Waya: inda wuta ta biyu ke kwanciya

Idan an yi sa'a an kashe wutar da wuri, abin da ya fi lalacewa shi ne damin wayoyin da ke zagaye injin. Robar da ke jikinsu ba ta jure zafin da ya wuce digiri ɗari da kaɗan. Takan narke, wayoyi su manne da juna a cikin dami, har a wuraren da daga waje ba a ganin ƙuna. A nan ne mai mota, wanda ya riga ya yi asara, yake neman gyara mafi araha, kuma a nan ne ake dasa gobara ta gaba.

Gyaran arahar kowa ya san shi: mai wayarin ya yanke inda ya ƙone, ya murɗe baki biyu da hannu, ya naɗe da salatif. Girgizar hanya tana sassauta murɗin, wurin ya riƙa zafi duk lokacin da wuta ta bi ta cikinsa, salatif ɗin ya saki. Idan kuma aka sa siririyar waya a gurbin mai kauri, ita kanta wayar za ta zama kamar ta hita. Mafi muni shi ne wasa da fis. An yi fis ne don ya tsinke kafin waya ta ƙone. Idan yana yawan tsinkewa, to yana shelar cewa akwai waya da ke taɓa ƙarfe a wani wuri. Maimakon a nemo wurin, sai a sa fis mafi girma, ko a cusa guntun waya ko takardar kwalin taba. Batirin mota ƙarami ne a ido, amma yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, abin da ya isa ya mayar da waya garwashi cikin daƙiƙoƙi.

Darajar fis ta fito fili a watan Satumban 2023, lokacin da Hyundai da Kia suka yi kiranyen motoci fiye da miliyan uku a Amurka saboda haɗarin gobara daga na'urar burki, suka kuma shawarci masu su da su riƙa ajiye su a waje. Maganin da kamfanonin suka bayar shi ne sauya fis. Irin waɗannan motoci suna shigowa Najeriya a matsayin na hannu, kuma babu wanda ke aiko wa wanda ya saya a Kano ko Dutse takardar kiranye. Ana iya duba lambar shasi kyauta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka.

Gyara na gaskiya yana farawa da cire kan batir, na ɓangaren ƙasa tukuna. Sai a buɗe damin a bi shi har inda robar take da laushinta na asali. Idan ƙunar ta yi yawa, ya fi sauƙi da aminci a nemo cikakken dami na irin motar daga kasuwar kayan gyara, kamar ta Ƙofar Ruwa a Kano, a maye gurbinsa. Inda za a yi haɗi, a yi shi da waya mai kauri ɗaya, a matse ko a like da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a kuma ɗaure damin nesa da manifol. Tiyon fetur da na man burki da wuta ta lasa su ma sai an sauya su, ko da ba su fashe ba. Garin hodar tukunyar kashe gobara yana cin ƙarfe, don haka a share shi da wuri. Kafin duk wannan, dole a gano abin da ya tayar da wutar farko.

Wa zai biya?

Tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashin baƙin mai da kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo. Direban haya da ke jigila tsakanin Dutse da Kano yana jinkirta juye, yana sayen man awo da ba a san asalinsa ba, da filta mafi araha wadda zobenta ba shi da ƙwari. Kula da ingancin waɗannan kayayyaki aikin hukumar SON ne, kuma takan sanar da kama jabun mai lokaci zuwa lokaci, amma galan ɗin da ba shi da suna bai ɓace daga bakin titi ba.

Inshorar da yawancin masu mota ke da ita ba ta taimaka a nan. Hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000 daga Janairun 2023, 'yan sanda kuma suka fara tsaurara bincikenta a Fabrairun 2025. Sai dai wannan takarda tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani ne kawai. Idan motar mai ita ce ta ƙone, ko sisi ba zai samu ba.

A rubuce, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba wanda aka yi wa aiki marar inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da kuɗi, kuma hukumar FCCPC na karɓar ƙorafi. A aikace, wanda ba shi da rasit ba shi da hujjar cewa an taɓa motarsa a wani gareji ranar kaza. Ga kuma nauyin zumunci: bakaniken maƙwabci ne ko ɗan'uwa, sai a bar wa Allah. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da gwamnatin jiha za su iya sauya abubuwa da dama da ƙaramin mataki, wato wajabta rasit mai ɗauke da lambar mota da aikin da aka yi, tare da shigar da darasin rigakafin gobara cikin shirye-shiryen koyar da sana'a da ake kashe wa kuɗin jama'a.

Kafin a kai can, kariyar mai mota tana cikin minti biyar na ƙarshe a gareji. Ya nemi a nuna masa tsohuwar filta da zobenta a jiki, a tayar da injin na ɗan lokaci, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ya duba murfi da sandar awo da idonsa. Tukunyar kashe gobara da jami'an FRSC ke tambaya a shingen bincike tana da agogo a wuyanta. Idan allurar ta bar kore, ado ce kawai. In kuwa hayaƙi ya taso a hanya, a tsaya, a kashe mota, a fitar da kowa zuwa nesa. Kada a wangale bonet, domin iska ce wutar ke jira. A ɗan sake shi a fesa ta kafar. Ruwa yana watsa wutar mai, yashi ya fi shi. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta FRSC kuma 122.