Yaron da bai taɓa ganin irinsa a bakin aiki ba

Jama'a na rugage da kasuwannin kan iyaka, ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako.

Ku tambayi yaro a nan Onklou me zai zama in ya girma. Ɗan makiyayi zai ce garke, ɗan fatake ya ce shago a Djougou. Abin da ya saba gani yake buri. To gurgu fa, ko makaho? Babban da ya sani mai irin lalurarsa galibi yana bakin masallaci ko tasha da ƙoƙon bara. Tun bai kai shekara 10 ba ya ɗauka nan ne wurin zamansa, mu kuma mun taya shi ɗauka.

Alhali akwai waɗanda za a nuna masa. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda shan-inna ta kama tun yana ƙarami, ya jagoranci ƙungiyar guragu masu ƙera keken da ake tuƙawa da hannu. Walda suke yi, su sayar, su koya wa na baya. Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988. Farfesa Jibril Isa Diso makaho ne, kuma ya koyar a Jami'ar Bayero. Ku duba fa, masu ido ne suka zauna yana ba su karatu!

Doka ma tana nan. Benin ta kafa dokar kare haƙƙin naƙasassu a 2017, ta Najeriya kuma aka sa mata hannu a 2019, da tanadin kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Amma a ganina takarda ba ta isa ruga da ƙafarta.

Alhaji mai shago, canjin sefa da naira, gyaran waya, ɗinki, rubuta bashi, wanne ne yake buƙatar gudu? Malam makiyayi, yarinyar da ba ta iya bin shanu tana iya riƙe lissafin kuɗin nono. Ranar kasuwa ku ɗauko su, ku zaunar da su kusa da tela ko mai gyara da ke da irin lalurarsu, su yini suna tambaya. In yaron makaho ne, akwai cibiyar makafi a Parakou inda ake koyar da rubutun da ake karantawa da yatsu. Ku je da shi tun yana shekarun shiga aji ɗaya.