Drax: tashar da ta bar kwal ta koma ƙona itace

A yankin Yokshaya ta Arewa, a Ingila, akwai tashar lantarki mai suna Drax, wadda a da babu tashar da ta kai ta cin kwal a Birtaniya. Yau huɗu daga cikin injinanta shida ƙwayoyin katako suke ci, sama da tan miliyan 6 a shekara, akasari jiragen ruwa ne ke kawo su daga kudancin ƙasar Amurka da Kanada.

Yin ƙwayoyin ba wuya. A busar da garin katako har danshinsa ya yi ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, a matse shi ta ƙananan ramuka kamar yadda injin taliya ke yi. Zafin matsin kan narkar da wani ƙaro da ke jikin itacen, shi ne ke haɗe garin, ya fito gajeru-gajeru, kaurinsu bai wuce na fensir ba.

Masu goyon baya na cewa iskar kabon da bishiya ta saki in an ƙona ta, wadda aka shuka a gurbinta za ta sake zuƙe ta. Shi ya sa a lissafin ƙasashen duniya ba a ɗora hayaƙin a kan ƙasar da ta ƙona, sai ƙasar da aka sare itacen.

Nan ne nake da ja. Ƙonewa ta ɗan lokaci ce, amma girman bishiya sai an shekara gommai, kuma kafin nan iskar tana sama tana ƙara ɗumamar duniya. A bakin bututun hayaƙi ma, itace na iya fitar da kabon fiye da kwal kafin ya ba da wuta daidai da tasa. In ragowar masassaƙa ce da rassan da dama ruɓewa za su yi, to da sauƙi. In an shiga tsohon kurmi da zarto, magana ta sauya.

An kuwa shiga. A 2022 shirin Panorama na BBC ya nuna kamfanin Drax na samo itace daga tsofaffin dazuzzukan yammacin Kanada. A 2024 Drax ya amince ya biya fam miliyan 25, bayan Ofgem, hukumar kula da makamashi ta Birtaniya, ta gano bayanan da ya bayar kan itacen Kanada ba daidai suke ba. A garin Gloster na jihar Misisipi kuwa, inda talakawa ke maƙwabtaka da masana'antar ƙwayoyin Drax, an ci kamfanin tarar dala miliyan 2.5 a 2021 saboda gurɓata iskar da suke shaƙa.