Bincike a Hannun Jagora: Share Fagen Shiga Jami'a ga Ɗaliban Sakandare a Ƙasar Dutse

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a yi bayanin wata hanya ta horar da yara 'yan shekara 15 zuwa 18, watau a ba yaro ƙaramin aikin bincike ya gudanar da kansa, wani masani yana tsaye a kansa yana yi masa gyara. Za mu duba abin da hanyar take koyarwa, da yadda za ta zauna a Dutse da kewayenta.

Da farko dai, sai mai karatu ya lura da ramin da ke tsakanin sakandare da jami'a. Yaron da ke aji shida babu abin da ke gabansa sai jarrabawar WAEC ko NECO, da kuma ta JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Duk waɗannan suna auna abin da yaro ya riƙe a ka ne. To, amma ranar da ya shiga jami'a sai a aike shi laburare, a ce ya karanta marubuta uku da suka saɓa wa juna, ya faɗi wanda ya fi hujja. A shekarar ƙarshe kuwa a ce ya rubuta kundin digiri. Nan ne ake ganin mai sakamako kyakkyawa ya yi tsuru-tsuru, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don ba a taɓa sa shi ya yi tambaya tasa ta kansa ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da neman maganin wannan. A Amurka akwai shirin Research Science Institute, wanda aka fara a 1984, ana kuma yin sa a jami'ar MIT. Akan zaɓo ɗaliban sakandare su yi mako shida ba tare da sun biya ko kwabo ba: makon farko na sauraron lacca, sauran kuwa kowane yaro yana hannun wani masani yana aikinsa, daga bisani ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban jama'a ya kare shi. A nan gida muna da ƙungiyoyin JETS na matasan masu kimiyya da fasaha a makarantun sakandare, sai dai galibi an fi ba da ƙarfi ga ranar gasa fiye da watannin aikin da ke gabaninta.

Asalin hanyar ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ɗalibin makarantar zaure yakan zauna gaban malaminsa da littafi guda, ya karanta, malam ya tsayar da shi ya gyara, ba a wuce baki sai an fahimce shi. Bambancin kawai shi ne, a bincike ɗalibi ne ke zuwa da abin da malam bai riga ya sani ba.

Bari mu ɗauki misali daga dabino, tun da a Dutse ne Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya, NIFOR, take da reshenta na nazarin dabino. Dabino yana da namiji da mace, kuma mace ce kaɗai ke 'ya'ya. Wanda ya shuka ƙwallo ba zai san abin da ya samu ba sai bayan shekaru, in itacen ya yi fure. A ce yarinya 'yar aji biyar ta zo da niyyar "binciken dabino". Aikin jagora na farko shi ne ya rage mata buri, ya nuna mata cewa hutu ɗaya ba zai ɗauki wannan ba. Sai su tsaya a kan tambaya ƙarama: shin jiƙa ƙwallo a ruwa kafin shuka yana sa ya tsiro da wuri? Ta shuka 30 jiƙaƙƙu, 30 busassu, a ƙasa iri ɗaya, da ban ruwa iri ɗaya, tana rubuta abin da ta gani kullum tare da kwanan wata. In ta dawo ta ce jiƙaƙƙun sun fi, jagora zai tambaye ta ko ba a inuwa ta ajiye su ba, sauran kuwa a rana. Wannan tambaya guda ta fi darasi goma. Yarinyar ta koyi cewa sakamako ba ya zama hujja sai an toshe sauran ƙofofin da zai iya shigowa ta cikinsu, ta kuma koyi karɓar suka ba tare da ta ɗauka an ci mutuncinta ba.

Kada a zaci sai mai kimiyya. Ɗan Birnin Kudu yana iya zama da dattawan garinsu ya ji abin da suke faɗa game da zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, sa'an nan ya gwada da abin da masana tarihi suka rubuta. Wani ya tattara sunayen unguwannin Garu da dalilansu, wata ta naɗi waƙoƙin daka a ƙauyukan Kiyawa ko Jahun. Mu da ke Sashen Hausa mun san wuyar mayar da maganar baka zuwa rubutu bisa ƙa'ida, da rubuta sunan mai ba da labari da shekarunsa da ranar hira. Wanda ya saba da haka tun yana ɗan shekara 16 ya yi wa takwarorinsa nisa.

Kayan aikin kuwa suna nan. Tun 1977 tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara da wasu kamar ta Kafin Hausa da ta 'yan mata a Taura, waɗanda Jigawa ta gada da aka ƙirƙiro ta a 1991. A zamanin Gwamna Sule Lamido aka gina makarantar yara masu hazaƙa a Bamaina. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha a Kafin Hausa ta biyo baya a 2013. Ke nan yara da masana suna zaune kusa da juna, abin da ya rage shi ne a haɗa su. Ba lalle sai farfesa ba. Ɗalibin digiri na biyu, ko ma na ajin ƙarshe, zai iya riƙe yara uku a dogon hutu, malaminsa yana leƙa su.

Akwai abin tsoro, dole a faɗe shi. Jagora mai gaggawa, ko mai son a yabe shi ranar gasa, yakan yi wa yaro aikin da hannunsa, ya ba shi ya haddace. Wannan ya fi rashin jagoran muni, gama ya koya wa yaro tun da wuri cewa ana iya sa suna a kan gumin wani, cutar da ke addabar kundayen digiri a jami'o'inmu. Haka kuma in ba a kula ba, 'ya'yan ma'aikata mazauna Takur ne za su cinye gurabun, a bar 'yar manomi ta Miga ko Buji, wadda ba za a bari ta kwana a wani gari ba. Irin wannan yarinya sai jagora ya bi ta makarantarsu, ko da sau biyu a wata, tsakani kuwa malamarta ta riƙa duba littafinta tana sa hannu.